Dubu biyar da riga mai hoto

Tun daren jiya nake ba zuciyata haƙuri, na ce ba zan tanka ba, amma abin ya tsaya mini a wuya. Kun dai ga bidiyon taron siyasar jiya, babu zauren WhatsApp ɗin da bai shiga ba a garin nan namu na Sakkwato. Yara sun cika fili maƙil, kowa da riga mai hoton mutum a ƙirji, ana miƙa ambulan suna ɗaga hannu suna ihu. Sai wani bawan Allah cikin manyan taron ya karɓi lasifika, ya gyara babbar riga ya ce: "Kun gani ko? Yaran ga namu ba su da wuyar sha'ani. Ka ba su na data da na shayi, shi ke nan, ransu ya yi hwari." Aka kwashe da tafi, har da masu furfura da ke kujerun gaba cikin inuwar rumfa.

Wannan magana ƙarya ce, kuma cin mutunci ce. Kada wani ya shigo mini da zancen jam'iyya, domin babu wadda ban ga ta yi irin wannan taron ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne mutumin da ya isa ya haifi yaran nan ya dube su a tsaye cikin rana, ya kira abin da yake gani farin ciki.

Ɗan yayata yana cikin filin nan. Daga sallar asuba ya bar Mabera, a ƙasa ya taka saboda babu na kabu-kabu. An ce musu ƙarfe tara, ba a fara ba sai bayan azahar, ba a sallame su ba sai da la'asar ta yi sakaliya. Ku da kuke Sakkwato kun san ranar watan Afrilu, zafin da ke wuce digiri 40, wanda ko silifas sai ya yi laushi a kan kwalta. Ruwan leda ma da kuɗinsu suka saya. Dubu biyar ce a cikin ambulan ɗin. Wanda ya sa sunansa a takarda ya tare shi a bakin ƙofa ya zare dubu ɗaya, wai ladan rubutu. Da magariba ya biyo ta wurina, ina alwala a ƙofar gida, sai na hango shi ya tsaya a kan kwana ya tuɓe rigar, ya cusa ta cikin baƙar leda, ya ƙaraso da tasa ta ciki. Wanda yake murna da riga yana tuɓe ta kafin ya shigo unguwa?

Na ce masa, "Kai kuwa mi yak kai ka wurin ga?" Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, zaman gida ya ishe ni. Ko ba komi, in ce yau na hita na dawo da wani abu."

Na fita na dawo da wani abu. Duk wanda yake son sanin abin da ke faranta ran matashi to ga shi nan, yaron ya faɗa da bakinsa. Ya fita da safe yana da inda za shi, ya dawo da yamma hannunsa da abin da guminsa ya kawo, ya miƙa wa uwarsa. A gida a san da zamansa, in ana lissafin masu ɗaukar nauyi a sa da shi. Yaron nan ya tsaya awa goma cikin rana ne yana neman ɗan kamannin wannan abin, tun da ainihinsa ya gagara. Shi kuma mai lasifika ya ga kamannin ya ce shi ke nan, an gama.

Ni na taɓa ganin yaron nan cikin farin ciki na gaskiya, shi ya sa babu mai ruɗa ta da ihun bidiyo. A 2022 ne, lokacin da malaman jami'a suka tafi yajin aikin nan da ya ci wata takwas, daga Fabrairu har Oktoba. Yana gida ba karatu ba aiki, sai mahaifin wani abokinsa ya ja su fadama can wajen Kware, gonar albasa. Yaron da bai taɓa riƙe fartanya da gaske ba, ya koyi tayar da injin ban-ruwa, ya koyi buɗe wa fangali ruwa ya toshe ya koma na gaba, ya koyi gane albasar da ta nuna in ganyenta ya kwanta. Tafin hannunsa ya yi kanta, ya yi baƙi ƙirin, warin albasa ya kama kayansa har uwarsa tana ware su wajen wanki. Da aka cire albasa aka kai kasuwa, dattijon nan, Allah ya saka masa da alheri, ya ƙirga masa haƙƙinsa a hannu.

Ina gidan ranar. Ya shigo da tiya biyu ta shinkafa a kafaɗa, da kwalbar manja, da turmin atamfa a leda. Ya ajiye a gaban yayata, ya ce, "Inna, ga wannan," ya juya da sauri ya koma bakin ƙofar ɗaki ya zauna yana latsa waya kamar ba shi ya kawo ba. Ta warware atamfar ta ɗora a cinya tana shafawa, ta kasa magana. Can ta ce, "Allah shi yi maka albarka. Allah shi ba ka masu yi maka." Na dubi yaron, wayar ma allonta a kashe yake, murmushi yake ta dannewa ya ƙi dannuwa. Ko ihu ɗaya bai yi ba. Da aka dafa shinkafar da dare cokali kaɗan ya ci, yana ta leƙen ƙannensa suna ci. Har yau atamfar nan ita take ɗaurawa in za ta gidan suna.

To ku gaya mini, ranar nan da jiya, wace ce ranar farin ciki?

Ya koma makaranta, ya gama, ya yi hidimar ƙasa. Watannin ƙarshe sun same shi lokacin da aka ɗaga alawus daga dubu 33 zuwa dubu 77, kuma duk wata sai ya turo wa uwarsa wani abu a ciki. Ranar da ya karɓi takardar sallama aka yi hotuna, wata na zagayowa waya ta yi shiru. Ya koma wurin dattijon fadama, ya tarar ya rage gona fiye da rabi. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta tsallake dubu. Injin ban-ruwa kuwa fetur yake sha, ba ya jin lallashi. Dattijo ya ce masa, "Ɗana, ni da 'ya'yana ma da ƙyar muke riƙe wanga." Dubu huɗun da ta rage masa jiya ko tankin babur ba za ta cika ba. Wannan ce za ta faranta ran mai digiri?

Na san abin da za a rubuto mini a ƙasa. Wani zai ce ai ga su nan suna dariya, ido ba ya ƙarya. Malam, wanda ya wuni da yunwa aka miƙa masa ko me zai ɗaga hannu. In an ce ba za a ba ka ba sai ka yi ihu, za ka yi ihu. Ka bi su gida ka ga fuskokinsu bayan an kashe kyamara, sannan ka zo mu yi magana.

Wani zai ce yaran yanzu ba su san komai ba sai waya da ƙwallo. Na gaji da jin wannan. Ka taɓa shiga gidan kallon ƙwallo ka zauna a kan bencin nan? Yaron da tun safe babu wanda ya tambaye shi ra'ayinsa a kan komai, a gida an ce masa zauna-gari-banza, a ofis an ce ya dawo wani mako, a nan ne kaɗai zai buɗe baki ya ce kocin Arsenal ya yi kuskuren canji, mutum ashirin su juyo su saurare shi, wasu su yarda wasu su yi musu. Minti casa'in yana da daraja. Abin da yake saya ke nan da kuɗin shiga, kuma ana hura usur ɗin tashi yake komawa inda ya fito. Ita kuwa waya, ku je bakin babbar kasuwa ku ƙirga yaran da ke zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS, ku duba masu sayar da shadda da takalma da huluna ta hoton da suke ɗorawa. Wanda ya samu abin yi da waya, wayar ta zama shagonsa. Wanda bai samu ba, da ita yake kashe wunin da ya ƙi ƙarewa. Ba ita ta hana shi aiki ba.

Wani kuma zai ce malalata ne, ba sa son wahala. Wannan ita ce ta fi ba ni haushi. Su wa ke dako a Kara da Tsohuwar Kasuwa tun kafin rana ta fito? Su wa ke tura kurar ruwa a unguwannin da famfo ya manta da su? Ka je Legas, ka je Ibadan, ka je Abuja, ka tambayi mai wankin takalmi da mai ga-ruwa da mai tallan agogo daga ina yake, ka ji sau nawa za a ce maka Sakkwato. Yaron da zai kwana a kan buhunan albasa a bayan tirela har Kudu, ya kwana a baranda wata shida don ya turo dubu goma gida, shi ne malalaci? Wasu sun bi ta Agadas sun nufi Libiya da Aljeriya, wasu har yau babu labarinsu. Abin da suka fita nema shi ne dai abin da ɗan yayata ya faɗa, su fita su dawo da wani abu.

Kuma ku tuna hanyoyin da aka toshe musu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyakar Illela da Ƙonni, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris 2024. Duk yaran da ke cin abinci a wannan hanyar, masu lodi, masu kabu-kabu, masu kai tumatir da dawo da dabino, suka wayi gari a zaune. A gabashin jiha, Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, akwai samarin da gonar ubansu tana nan, ƙarfinsu yana nan, amma shiga gonar ya zama sayar da rai. Sun taho birni suna kwana a kangwaye da tashoshin mota. Ka tara irin waɗannan a fili, ka ba su dubu biyar, ka ce ransu ya yi fari. Ka ji tsoron Allah.

Masu ce mini a koya musu haƙuri da wadatar zuci, na yarda da ku ɗari bisa ɗari, haƙuri ibada ne. Amma addinin da ya koya mana haƙuri shi ya koya mana cewa hannun sama ya fi hannun ƙasa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri a kan ya roƙi mutane. Yaran nan hannun sama suke so su zama. Fiɗirarsu ce ke gaya musu haka. Mu ne muke jera su a layi muna koya musu miƙa hannu, mu ɗauki hoto, mu ce mun taimaki matasa. In yaro ya shekara uku yana miƙa hannu, kunyar da ta sa ɗan yayata ya tuɓe riga a kan kwana za ta mutu, kuma ranar da ta mutu kowa zai ji a jikinsa. An hana sayar da maganin tari mai kodin tun 2018, amma ku zagaya bayan makarantu da dare ku ga abin da ake sha. Yaron da zai tashi da asuba ya buɗe shago ba ya kwana a can.

Abin ya fi ciwo da yake a Sakkwato aka faɗi wannan magana. Shehu Usmanu yana da kimanin shekara ashirin ya fara fita wa'azi. Muhammadu Bello, da aka haifa a 1781, bai kai ashirin da biyar ba aka yi yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, kuma bai cika talatin ba ya kafa birnin nan a 1809. Garin da muke taƙama da shi saurayi ne ya zana ganuwarsa. Nana Asma'u tun da ƙuruciyarta take karatu da rubutu, daga baya ta tsara 'Yan Taru, malamai mata da ake kira jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Manyansu sun ɗora musu kaya masu nauyi, suka ɗauka. Yau mai shekara ashirin da takwas muna kiransa yaro, muna aikensa sayen kati, in an yi taro aikinsa jera kujeru da ihu. Muna zuwa Hubbare muna addu'a, mu fito mu yi wa jikokinsu haka.

Kuma ba maza kaɗai ba. Akwai yarinya a maƙwabtanmu, marainiya, tana zanen lalle tana haɗa turaren wuta. Lokacin biki tun safe take fita da 'yar jakarta, ta wuni a durƙushe a kan ƙafafun amare har bayanta ya ƙage. Da kuɗin lallen nan ta biya wa kanta jarrabawar JAMB, ta ɗinka wa ƙanenta kayan makaranta. Ranar da ta karɓo kayan daga wurin tela, ita ta sa masa da hannunta, ta ja shi gida-gida tana nunawa, har gidanmu. Maiɗakina ta ce ba ta taɓa ganin haƙoran yarinyar nan a waje haka ba tun rasuwar babansu. Ita ma ta fita ta dawo da wani abu.

Za a ce to ai ana raba kekunan ɗinki da injinan niƙa, su ne suke sayarwa a bakin ƙofa. Gaskiya ne, na gani da idona. Amma wa ake ba? Wanda sunansa ya fito a takardar mai unguwar siyasa, wanda bai taɓa zura zare a allura ba. Yaron da ya shekara huɗu a shagon tela yana guga yana sa maɓalli, ya iya yanka ya iya ɗinki, abin da ya rage masa keke kawai, shi ba ya cikin takarda domin ba shi da lokacin zuwa ihu. Iyayenmu sun san yadda ake yi. Ka kai yaro wurin ubangida, maƙeri ko baduku ko majemi ko ɗan kasuwa, ya koya, in ya ƙware a yaye shi da jari da albarka. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ratsa Sahara ta kai Turai tun kafin a san mota, hannun majemanmu da dukawanmu ne ya kai ta. Yau ana lodin fata ɗanya a fita da ita, yaranmu suna kallon motar tana wucewa. Ga madatsar ruwa ta Goronyo, ga fadamar Rima, ga shinkafar Wurno, ga albasar da ake ɗiba har ƙasashen maƙwabta, da yawanta na ruɓewa a rudu in zafi ya yi yawa saboda babu wurin ajiya na kirki. Aiki yana nan jibge, yara suna nan zaune, an rasa mai haɗa su.

Ku lissafa kuɗin rigunan jiya, da hayar rumfuna, da makaɗa, da man motocin rakiya, da ambulan ɗin kansu. Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana nawa za su saya? Da an ba dattijon fadamar nan guda ɗaya, da ya mayar da gonarsa yadda take, da ɗan yayata da abokansa biyar suna can yanzu da laka a ƙafa. Ranar da ta gasa su a fili ita ce za ta jawo musu ruwa. Amma injin da ke cikin fadama ba ya ihu, ba ya sa riga mai hoto, shi ya sa ba a so.

Bawan Allah, in wannan rubutu ya iso gare ka, ba zaginka nake yi ba. Ina roƙonka ne, ka kira ɗanka na cikinka, ka ba shi dubu biyar da riga, ka tsayar da shi a rana daga safe zuwa la'asar, ka dubi idonsa ka ce ransa ya yi fari. In ba za ka iya ba, to na wasu ma 'ya'ya ne, da naƙuda aka haife su.

Tun da na ambaci rana, wai don Allah wa ya ba da izinin sare itatuwan dogon yaron da ke bakin titin unguwarmu? Guda bakwai ne, tun ina firamare suke nan. A ƙarƙashinsu mai faci yake, da mai shayi, da yaran da ke gyaran babur, nan tsofaffi ke shimfiɗa tabarma bayan azahar. Makon jiya aka zo da injin yanka, kafin la'asar an kwantar da biyar, wai za a ja shaguna. Mai facin ya koma jikin katanga ya kafa buhu da sanda biyu, jiya na wuce na ga robar da yake jiƙa tayu a ciki ruwan har tururi yake. Biyun da suka rage an shafa musu jan fenti. Na ji an ce ranar Asabar za su dawo, ni dai ina nan ƙofar gida tun safe, duk ɗan unguwar da ya ga wannan ya fito mu tsaya tare.